Idon Yayana da Takardar Likita

Yayana direba ne. Tun ina firamare yake jan wata tsohuwar gingimari mai bodin katako, yana loda mata doya a Lafia ya kai Arewa, ya dawo da albasa da wake. In kasuwar doya ta yi sanyi sai ya ratsa Keana ya ɗauko gishiri. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, don haka shi ya riƙe gidan, shi ya riƙe Inna, shi ya kai ni makarantar horon malamai. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma muna kama ƙwarai. Ya ba ni shekaru da dama, amma da na girma na ajiye gemu, sai mutanen unguwa suka riƙa yi mini gaisuwar da shi suke nufi, su tambaye ni ya hanya.

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa, a 1996, Lafia ta zama babban birni, gari ya cika da ma'aikata da baƙi. Wani kamfanin sufuri ya zuba bas-bas masu zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi, Yaya ya bar gingimari ya koma can. Aka ba shi riga mai tambari, yana tafiya da safe ya kwana a gidansa. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ta fi kowa murna, don a da sai ya yi mako ba ta sa shi a ido ba. Shi kuma abin da yake alfahari da shi ɗaya ne: tun da ya kama sitiyari bai taɓa buge ko kaza ba. Fasinjoji suna jiran motarsa ko da wata ce a kan layi.

Kamfanin yana da doka, kuma dokar ƙasa ce ma ga mai tuƙin haya: lasisi ba ya sabuntuwa sai da takardar likita da ta nuna idonka da jikinka lafiya suke. Yaya ya sha yi. Yakan ce ɓata lokaci ne kawai, a sa ka fitsari a kwalba, a matse maka hannu, ka karanta allo, a buga hatimi.

Anti ce ta fara lura da wani abu. Yakan yi ƙwallo da buta in an ajiye ta a gefen damansa. Kafaɗarsa takan daki bakin ƙofa in zai shiga ɗaki, ya tsaya yana faɗan wai kafinta ne ya yi ƙofar a matse, ƙofar da ya shekara da shekaru yana bi. A wani taron suna wani dattijo ya miƙo masa hannu daga dama, Yaya ya wuce abinsa, dattijon ya kai ƙara wajen Inna cewa ɗanta ya samu aikin kamfani ya fara girman kai. Muka yi dariya muka bar maganar. Ba ya jin ciwo, idon bai yi ja ba, ba ya ruwa. Yana iya zura zare a allura ya ba Inna.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Adogi, nakan shigo gari ƙarshen mako da lokacin hutu. Lasisinsa ya zo ƙarewa a cikin wani hutu, bayan shekara ta dubu biyu da 'yan kai. Ya ce in raka shi asibiti, in an gama mu wuce kasuwa mu yi wa Inna cefane.

Likitar mace ce, 'yar ƙabilar Eggon, mai matsakaicin shekaru, da tabarau rataye a wuyanta. Ta bar ni na zauna a kan benci a cikin ɗakin. Aka auna jininsa, lafiya. Fitsari, lafiya. Ta nuna masa allo a bango ya rufe ido ɗaya, ya karanta har layin ƙasa, ya sauya ido ya sake karantawa. Ya juyo ya yi mini murmushi, ya fara laluben hularsa.

“Saura abu ɗaya, Direba,” in ji ta. “Zauna ka fuskance ni. Rufe idon hagu. Dubi hancina, kada ka kawar da ido. Zan kawo yatsana daga gefe, da ka gan shi ka ce ka gani.”

Ta miƙa hannu can gefen damansa, ta fara kaɗa yatsa tana matso da shi a hankali. Daga inda nake zaune ina ganin yatsan sarai. Ya wuce saitin kunnensa. Ya zo saitin kuncinsa. Yana ta motsi dab da fuskarsa, Yaya yana zaune yana kallon hancinta.

“Likita, fara mana,” ya ce. “Muna da sauran zuwa kasuwa.”

Sai da yatsan ya zo kusan gaban hancinsa sannan ya ce ya gani. Ta gwada daga sama, ta gwada daga ƙasa, ta koma ɗaya idon. Na hagu ya fi dama-dama, amma shi ma ya fara. Ta ɗiga masa wani magani, ta auna idon da wani ɗan ƙarfe, ta haska ciki da fitila ta daɗe tana dubawa. Sannan ta koma kujerarta ta ajiye biro.

Ta ce sunan ciwon hawan jinin ido. Ruwan da ke cikin ido ne yake taruwa ya danne jijiyar gani, tana mutuwa kaɗan-kaɗan, daga gefe take farawa ta bar tsakiya sai ƙarshe. Shi ya sa yake karanta allo amma ba ya ganin abin da ke kusa da kafaɗarsa.

“To, a ba ni magani,” in ji Yaya.

“Zan ba ka. Na ɗigawa ne, kullum, har ƙarshen rayuwa. Amma ka ji ni da kyau. Abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin tsarewa.”

“Takardar fa?”

“Ba zan sa mata hannu ba.”

Ya yi dariya, irin ta wanda bai yarda da abin da ya ji ba. Ya gaya mata shekarun da ya yi a kan titi. Ya gaya mata maganar kaza. Ya ce yana da madubi a kowane gefe, yana da wuya yana juyawa. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya sauke murya, ya ce yana da iyali, ga tsohuwa a gida, bai iya wata sana'a ba. Ban taɓa jin yana roƙon wani mahaluki ba sai ranar.

“Na san ba ƙarya kake ba,” in ji ta. “Amma yaro yana fitowa daga gefen titi, ba daga gaba ba. In na sa hannu, ni da kai za mu ɗauki abin da ya biyo baya. Ka yi haƙuri.”

Ta juyo kaina ta tambaya ko ƙaninsa ne, na ce e. Ta ce ciwon yana bin jini, in zo in zauna. Ta yi mini duk abin da ta yi masa. Na ga yatsanta tun daga nesa, amma awon ya nuna ni ma nawa ya fara hawa, bai dai taɓa jijiyar ba tukuna. Tun daga ranar nake ɗiga magani, albarkacinsa nake iya rubuta wannan.

Ba mu je kasuwa ba. Da muka kai ƙofar gida, ya ce kada in gaya wa kowa.

Bayan kwana biyu ya kira ni bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, inda yake wanke mota in ya zo da ita. Ya ce ya yi tunani. Akwai asibiti a wani gari inda ba a san mu ba. In je da hotonsa da tsohon lasisinsa, in ce ni ne shi, a gwada ni, in karɓo takarda.

“Ba wanda zai gane,” ya ce. “Ko Inna in ta ji tafiyarka sai ta ɗauka ni ne.”

Na ce, “Yaya, na ga yatsan nan da idona. Yana taɓa gemunka ba ka gan shi ba.”

“Mota ba yatsa ba ce.”

“Yaro fa? Mai keke fa?”

“Kai za ka koya mini titi?”

Na ce ba zan iya ba. Na ce zan riƙa kawo rabin albashina, mu nemi shago, ko ya nemi kamfanin su mai da shi mai kula da lodi. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Allin da kake rubutu da shi, Malam, daga sitiyarin nan ya fito. Sau ɗaya na roƙe ka abu.”

Ya shige gida. Da yamma Inna ta aiko a kira ni, ashe ya gaya mata komai. Na ɗauka za ta goya mini baya. Ta ce, “Auta, ɗan'uwanka ne. Ba sata ya ce ka yi ba.” Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne wanda ya ciyar da kai ba ka barinsa a rana. Na koma Adogi tun hutu bai ƙare ba.

Daga baya na ji sauran labarin a bakin Anti. A tasha akwai masu samo wa mutum kowace irin takarda, Yaya ya je wurinsu. Da ya kai ta ofishin lasisi, ma'aikacin ya ɗaga ta ya duba hatimin ya ce na jabu ne, ya ce don girman furfurarsa ya tashi ya tafi tun bai kira ɗan sanda ba. Lafia kuwa ba ta ɓoye magana. Manajan kamfani ya ji, ya kira shi ya ce ya koma wurin likitar farko ya kawo takardarta, in ba haka ba ya ajiye makulli. Ya ajiye makulli da rigar.

Ya yi watanni a gida. Ya gwada kamasho a tasha, yana kiran fasinja ga yaran da shi ya koya wa tuƙi, bai jure ba. Maganin ɗigawar ya yi amfani da shi na wani lokaci, sai ya ce ba ya ganin wani bambanci, ga tsada, ya bari. Wani ya kai shi wajen mai maganin gargajiya a hanyar Doma, aka sa masa wani gari a ido, ya yi kwanaki idon a kumbure. Ni kuwa in na zo gida na gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice ya tashi ya fita. Abin da na kawo, Anti nake ba a ɓoye.

Daga nan ya sayar da filin da ya saya don gini, ya sayi wata tsohuwar akori-kura. Ya ce ba zai hau babban titi ba inda ake tambayar lasisi. Hanyoyin gona zai riƙa bi, Adogi, Arikya da ƙauyukan da ke bayansu, ya kwaso doya da rogo da ridi ya kawo bakin gari. Manoma suna neman mota, ba ruwansu da takarda.

Anti ta yi kuka, ta yi roƙo, bai ji ba. Da ta ga ba makawa, sai ta ce to ba zai fita shi kaɗai ba. Ta bar suyar ƙosan da take yi a ƙofar gida, ta bar yara wurin Inna, ta zama ita ke zama a kujerar damansa. Ita ce idonsa na wannan gefen.

Ranar kasuwar Adogi sukan wuce ta gaban makarantarmu. Ta ɗaga mini hannu, shi ya dubi gabansa. Rannan a cikin damina ruwa ya tare ni a hanya, ina tura babur ɗina da ya mutu, sai ga su. Motar ta wuce ni, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya. Ina jin muryar Anti tana faɗa. Na ɗora babur a kan doya, ta matsa tsakiya na zauna a bakin ƙofa. A nan na ji yadda suke yi.

“Akuya a dama, nesa. Mai keke yana zuwa, ba shi hanya. Rami. Yara biyu a bakin gada, sun tsaya, sun gan ka. Wuce.”

Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma kawar da ido daga tagar, ko da take tambayata lafiyar iyalina. Shi kuma yana tafiya a hankali, yana juya kai gaba ɗaya dama da hagu, hannunsa yana kan ham. Ya iya mota, wannan ba shakka. Yadda yake bi da ita cikin taɓo ko ƙwayar doya ba ta faɗo ba. Da muka iso gari zan sauka sai ya ɓare goro ya miƙo mini rabi ta kan cinyar Anti, ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa na yi godiya.

Sun yi kamar shekara biyu a haka, ba abin da ya faru. Har na fara tunanin ko likitar ta tsananta. Anti ce kawai ta san gaskiya. Ta gaya mini yanzu har abin da ke hagu sai ta faɗa masa, kuma in sun dawo gida kanta kamar zai tsage.

Sai ta samu ciki. Ta ci gaba da bin sa har cikin ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura, ta fara ganin jini. A asibiti aka ce ta kwanta, Inna ta ce ko ƙofar gida ba za ta sake fita ba. Lokacin sabuwar doya ne, lokacin da mai mota yake samun abin da zai ci har rani. Yaya ya yi alkawarin zai jira ta haihu. Ya jira 'yan kwanaki. Manoma suka yi ta sallama a ƙofar gida, doya tana jibge a gona. Ya ɗauki makulli ya fita.

Ina cikin aji da hantsi, rana tarwai, wani mai babur ya tsaya a bakin taga ya ce, “Malam, fito, ɗan'uwanka ya kaɗe mutum.”

Wurin bai da nisa da makaranta, wata 'yar kwana ce inda hanyar rafi ta haɗu da ta mota. Na tarar da taro. Motar tana tsaye a tsakiyar hanya, ba ta ko karkace ba. Ga kwano a kife, rogo ya watse ko'ina. Wata mata tana kwance a gefen dama, an rufa mata zaninta. Ta fito daga hanyar rafi ne da kaya a ka, kayan ya tare mata gani, shi kuma bai gan ta ba. Ba gudu yake ba, kowa ya shaida haka. Ƙarfen bodin motar ne ya same ta a kai. Ihun mutane ya ji sannan ya taka birki.

Bai gudu ba. An doke shi kafin dattawa su iso, bakinsa yana jini, rigarsa a yage. Yana zaune a ƙasa ya jingina da taya. Na durƙusa a gabansa na kira shi. Ya juyo da kai sai da ya saita fuskata.

“Auta,” ya ce, “wallahi ban gan ta ba.”

Rabon da ya kira ni Auta tun kafin ranar ƙarƙashin mangwaro.

Da aka ɗaga zanin za a ɗauke ta na gane ta. 'Yar ƙabilar Migili ce, tana sayar da garin rogo ranar kasuwa, 'yarta tana ajina. Takan zo ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko yarinyar tana ƙoƙari. Mijinta ya iso daga gona da fartanya a kafaɗa. Mutane suka dare masa, wasu suka riƙe shi suna tsoron abin da zai yi. Bai yi komai ba. Ya dubi matar, ya dubi Yaya, ya dube ni, da yake ya san ni.

“Malam, ɗan'uwanka ne?”

Na ce e.

“Matana ya fita da safe lafiya,” ya ce da irin Hausarsa. “Ya ce zai dawo ya dafa abinci.”

Ya ajiye fartanya ya zauna a ƙasa kusa da ita.

'Yan sanda suka tafi da Yaya da motar. Dattawan unguwarmu da limaminmu suka je ƙauyen, suka zauna da dangin matar da fastonsu. An yi zama ba ɗaya ba. A ƙarshe mijin ya ce ya bar wa Allah, ba ya son a kashe masa wani lokaci a kotu, a taimaka masa da karatun yaran kawai. Amma hukuma tana da nata. An same shi yana tuƙi da mataccen lasisi, kuma a gaban alƙali shi da bakinsa ya faɗi cewa likita ta hana shi, ba wanda ya tambaye shi ma. Lauyan da muka ɗauka ya dafe kai. Aka yanke masa zaman gidan yari.

Anti ta haihu yana ciki, namiji. Ta daɗe ba ta warware ba. Kullum maganarta ɗaya ce, da tana wurin da ta ce masa mace a dama. Na ce mata ba ita ta ba shi makulli ba, ba ta ji. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar asibitin wani garin ba, ni ma ban tayar ba. Ta rage cin abinci, ta rage magana, ta rasu kafin ya fito.

Nakan je ganinsa, in kai masa abinci da maganin ido. Ma'aikatan suna karɓa su ba shi. A zuwa na uku ko na huɗu ya turo mini kwalaben ta ƙarƙashin wayar da ta raba mu, ba a ko ɓalle murfinsu ba.

“Daina wahalar da kanka,” ya ce.

“Yaya, likita ta ce wanda ya rage ana iya tsare shi.”

“In tsare shi in ga me?”

Na ce ya ga jaririn da aka haifa masa. Sai ya tambaye ni yarinyar, 'yar matar, ko tana zuwa makaranta. Na ce ta daina, an kai ta wurin gwaggonta a Arikya, tana taya ta aikin gona. Ya gyaɗa kai ya miƙe, ya lalubi bango ya koma ciki.

Da ya fito, haske da duhu kawai yake bambancewa, sai ɗan abin da ke gabansa in ya zo dab. Na mai da shi wurin likitar. Ta gane mu. Ta duba shi, ta ce ba sauran abin da za a tsare sosai. Labarin haɗarin ya riga ya kai gare ta, ba ta ce komai a kai ba, shi ma bai ce ba. Da za mu fita ta riƙe masa ƙofa, ta ce, “Sannu, Direba.” Ya ce, “Yauwa, Likita, na gode.”

Na nemi a dawo da ni makaranta a cikin gari, na koma gidan da iyalina. Anti ta kafa teburin abinci a bakin tasha, shinkafa da wake da doya da manja, direbobi suka riƙa saye don sun san ko matar wa ce. Motar ta daɗe a harabar 'yan sanda, ciyawa ta fito ta cikin bodinta, daga baya muka sayar wa masu tsohon ƙarfe. Yaya yana wuni a zaure a kan tabarma. Ya daina zuwa tasha, ya daina sauraron hirar mota, in baƙi suka fara sai ya ce a kai shi ciki. Da ni yakan yi magana, amma ta yau da kullum, farashin hatsi, ruwan sama, wa ya rasu a unguwa. Sau ɗaya kawai, ina yanke masa farce, ya ce, “Da ka je asibitin can ka karɓo mini takardar, da bas ce cike da mutane.” Na ci gaba da yanke farcen.

Duk lokacin girbi yakan sa Anti ta auna hatsi da ɗan abin da ya samu, in kai wa mijin matar. Mutumin yakan karɓa, ya ce a gaishe shi. Bai taɓa zuwa gidanmu ba, Yaya ma bai taɓa neman a kai shi ba.

Ya rasu a 2010, cikin damina. Zazzaɓi ne ya kama shi, ya ƙi asibiti, da muka kai shi da ƙarfi ya riga ya yi nisa. Direbobi sun cika jana'izar, har waɗanda suka bar Lafia da daɗewa.

Ana zaman makoki sai ga manomin nan, a ƙafa, da 'yan doya ɗaure a ka. Ya tsufa ƙwarai. Ya sauke a bakin zaure, ya cire takalmi, ya zauna a ƙarshen tabarma cikin mutanen da ba su san shi ba. Na matsa kusa da shi muka gaisa. Ya ce ya ji a kasuwa. Na tambaye shi yara, ya ce babbar ta yi aure, ƙananan suna nan suna noma tare da shi, bai sake aure ba. Aka kawo masa ruwa ya sha. Da aka ɗaga hannu za a yi addu'a ya sunkuyar da kai ya yi tasa.

Anti ta ji an ce ya zo, ta fito har zaure da mayafin takaba, abin da ba a saba ba. Ta durƙusa a gabansa tana so ta yi magana, kuka ya hana ta. Ya ce, “Madam, ya isa. Tashi ka shiga ciki.” Mata suka kama ta suka mai da ita.

Bai daɗe ba ya miƙe, ya ce yana so ya isa gida kafin ruwa ya sauko. Na ce a kai shi a babur, ya ce a'a, zai samu mota a bakin kasuwa. Na raka shi har titi, muka yi sallama, na dawo wurin masu gaisuwa.